Mashi a kan babur: abin da ke jiran masunci tsakanin gida da tafki

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma tafkuna suka ja baya, kifi kan taru a ɗan ruwan da ya rage. A nan mashi ke da rana. Tarwaɗa takan lafe cikin laka da ciyawa, inda birgi ba ya buɗewa da kyau, taru kuma ya sarƙe. Mai mashi sai ya shiga ruwa iya gwiwa, ya tsaya cik yana kallon motsi, ya soka.

Sana'ar tsohuwa ce. Tun farkon shekarun 1950 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Sarkawan kogin Isa suna farautar dorina da masu. A wancan zamani mashi na tafiya ne cikin kwalekwale ko a kafaɗa. Yau babur ke ɗaukarsa. Matashin da ke Maradi na iya tashi da asuba ya isa tafkin Madarumfa kafin hantsi. Haka na Damagaram zai nufi Gidimuni, na Tawa ya kama hanyar Agadas zuwa Tabalak, ko ya ratse daji zuwa wata fadama da mota ba ta shiga. Babur ya kawo ruwa kusa, amma ya zo da matsaloli biyu: hatsarin hanya da zargin jami'an tsaro.

Yadda ɗauri ke jawo hatsari

Sandar mashi ta fi faɗin babur nesa ba kusa ba. Wanda ya gicciya ta a bayan kujera ya mai da babur ɗinsa mai faɗin amalanke, alhali shi da ke tuƙi yana lissafi ne da faɗin kan babur. A cunkoson kasuwa sandar za ta kwashi ƙafar mai tafiya ƙasa. A kan kwalta, idan babbar mota ta matso, babu wurin kaucewa. A hanyar daji kuwa reshe ɗaya ya isa ya fizge ta, ya juya babur ya kayar da mai shi cikin rairayi.

Shi ya sa gogaggun masunta ke kwantar da sanda a tsaye tare da jikin babur, a ɗaure ta wuri biyu da robar tsohon tif, tsininta na kallon baya. Abin da ya zarce bayan babur a ɗaura masa jan ƙyalle don na baya ya gani. Gefen da ake zaɓa ma yana da muhimmanci: zafin salansa yana narkar da zaren taru da roba, sarƙa kuma tana cafke duk igiyar da ta yi lilo, ta ƙulle ƙafar baya ana cikin gudu. Kaya masu nauyi, kamar dalmar birgi, wurinsu ƙasa ne kusa da tsakiyar babur. Idan aka jibge su can bayan kariya, ƙafar gaba takan yi sakayau, babur ya riƙa rawa a cikin yashi.

Mafi aminci shi ne a raba kai da sanda. Ƙarfen mashin kifi yana da ƙayoyi masu komawa baya don kada kifi ya suɓuce, kuma abin da suke yi wa kifi shi suke yi wa cinyar mutum. A naɗe kan a tsumma mai kauri, a sa shi cikin buhu. Idan tsautsayi ya gifta ƙarfe ya shige jiki, ba a fizgo shi. A tallafe shi yadda ba zai motsa ba, a garzaya asibiti, a kuma nemi allurar tetanus.

Shingen bincike

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi. A Nijar ta yau, babur ba abin hawa kawai ba ne a idon jami'an tsaro, domin da shi ƴan bindiga suka fi kai hare-hare. Bayan harin Boko Haram a Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar Difa, ta hana zirga-zirgar babura, aka kuma haramta cinikin kifin tafkin Cadi, haramcin da ya ɗauki shekaru kafin a sassauta. A farkon 2020 aka hana hawan babur a sassan jahar Tilaberi da dama, inda kogin Isa ke ratsawa. A kudancin jahar Maradi, kusa da iyakar Najeriya, ɓarayin shanu da masu satar mutane su ma a kan babura suke zuwa.

Cikin irin wannan yanayi, mutum biyu a kan babur da duhun asuba, ga dogon abu naɗe a buhu, ba su da tabbacin za a tsaya sauraron bayaninsu. Matakan hanin suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, kuma daga gunduma zuwa gunduma, don haka tambaya kafin tashi ita ce rigakafi. Sai katin ɗan ƙasa, takardun babur, da lasisin kamun kifi da jami'an gandun daji ke bayarwa. A shinge, a rage gudu tun daga nesa, a kashe inji, a faɗi abin da ke cikin buhu kafin a tambaya. Zuwa tafkin da ba na garinku ba kuma yana buƙatar gaisuwa wurin sarkin ruwa: shi ya san inda aka hana shiga, shi ne kuma zai shaidi baƙo idan magana ta taso.

Tsarabar ƴan ci-rani

Waɗanda ke aiki a bakin teku, a Lome, Kwatano, Aljeriya ko Libiya, sukan ga wata bindigar kifi mai harba kibiyar ƙarfe da ƙarfin roba, har su yi sha'awar kawo ta gida tsaraba. Yana da kyau su yi lissafi. An ƙera ta ne don mai nutso a ruwa garai-garai, inda zai hangi kifi ya auna shi. A tafkin da laka ta turbuɗe, mutum ko tafin hannunsa ba ya gani. Ga ta kuma da kunama da mariƙi, siffar da ba ta da daɗin bayani a gaban jandarma. Wanda ya riga ya mallake ta kada ya kuskura ya ɗana ta a tudu. A tafiya a zare kibiyar, a saki robar, a kare ta daga rana.

Ɗan'uwan da ke son taimaka wa ƙaninsa masunci zai fi yi masa rana da hular kwano, fitila mai kyau, sababbin tayu da akwatin ƙanƙara. Dawowa ta fi tafiya wuya: jiki ya gaji, taru ya jiƙe ya ƙara nauyi, kifi na bisa kariya cikin zafin da ke haura digiri 40. Gudun kada kifi ya lalace ne ke sa masunci taka wuta a hanyar da ba ta gudu ba. In akwai ƙanƙara, ko aka tsaya aka yi banda a bakin tafki, sai a taho a hankali, kifi ya isa kasuwa da darajarsa.