Tallafin Masu Sana'ar Baƙi: Wa Ya Shiga, Wa Ya Tsaya Bakin Ƙofa?

'Yan'uwa, kun tuna shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe Kano a watan Afrilu. An hana tafiye-tafiye, ba a yi hawan Sallah ba. Otal-otal suka zama wayam, 'yan yawon buɗe ido suka daina zuwa marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi. Mai yiwuwa wani ya ce, "Ina ruwan Toranke da otal?" Da ruwanmu. Tabarma da malafa da faifan da ake saƙawa a ƙauye, a hannun baƙi da yawansu suke ƙarewa. Harawar da dawakin hawa suke ci ma daga gona take fitowa.

A watan Satumba na shekarar 2020, Gwamnatin Tarayya ta buɗe wani asusu na naira biliyan 75 domin ƙananan sana'o'in da suka durƙushe, har da masu otal da gidajen saukar baƙi. Babban ɓangarensa shi ne biyan albashi: naira 30,000 zuwa 50,000 a wata ga kowane ma'aikaci, har wata uku. Amma akwai sharuɗɗa. Dole sana'ar ta kasance da rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Dole mai ita ya kasance da lambar banki ta BVN. Dole kuma ya nuna yana da ma'aikata aƙalla uku da yake biya. Sannan ta intanet ake neman shiga.

Mu yi wa gwamnati adalci tukuna. Ba a banza aka sa waɗannan sharuɗɗa ba. Duk wanda ya taɓa raba taki ko hatsin agaji ya san yadda sunayen bogi suke tsirowa cikin dare ɗaya. In babu takarda, wani zai kawo sunan matarsa da ƙannensa ya ce ma'aikatansa ne.

Sai dai takarda tana nuna wanda ya yi rajista ne, ba ta nuna wanda ya fi shan wahala. Mai otal a birni yana da akanta, yana da kwamfuta, ya cika fom kafin ya sha shayi. Gwauruwar da take saƙa faifai a ƙauyen Ajingi ta rasa ciniki kamar yadda ya rasa, wataƙila ma fiye, domin ita ba ta da ajiya. Ma'aikatanta kuwa 'ya'yanta ne, ba ta taɓa rubuta musu albashi ba. A ganina a nan ne ma'aunin ya karkace: an taimaki wanda yake sayar wa baƙo, an manta da wanda ya yi kayan.

Gaskiya ne an buɗe wata ƙofa daban ga masu sana'ar hannu da direbobi, naira 30,000 sau ɗaya. An kuma yi alkawarin yi wa sana'o'i 250,000 rajista kyauta, aka ware kashi 45 cikin ɗari ga mata. Wannan abin yabo ne. Amma ku lissafa: ma'aikacin otal zai iya samun 90,000 ko fiye, mai saƙa 30,000. Kuma ta hannun ƙungiyoyin sana'a masu rajista aka bi wajen tantance masu sana'ar hannu. Wanda ba ya cikin ƙungiya, da wuya sunansa ya kai.

Wancan asusu ya wuce. Amma tallafin da ya biyo bayansa ma lambar banki da katin ɗan ƙasa yake tambaya. Saboda haka, zumuntar mata da ta matasa, kada ku jira sai an yi shela. Masu saƙa su haɗu su yi rajistar ƙungiyar gama kai. Kowa ya nemi lambar NIN da BVN tun yanzu, ya tabbata sunansa iri ɗaya ne a duka biyun, domin bambancin harafi ɗaya kan hana mutum kuɗinsa. A sayi littafi a riƙa rubuta cinikin kowace ranar kasuwa. Wanda kuma ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunanku, ku sanar da dattawan ikilisiya kafin ku miƙa masa ko sisi.