Yadda ake amincewa da sabbin ƙa'idojin Wi-Fi da Ethernet, da abin da hakan ke nufi ga garuruwa irin su Kumbashi

Sau uku a kowace shekara, a watannin Maris da Yuli da Nuwamba, ɗaruruwan injiniyoyi daga sassan duniya kan hallara domin babban taron kwamitin da ake kira IEEE 802. A ranar Juma'ar da ake rufe taron, shugabannin kwamitin kan kaɗa ƙuri'a a kan wasu takardu masu 'yan shafuka, waɗanda ke neman izinin fara tsara sabuwar ƙa'idar sadarwa.

Ba kasafai labarin wannan ƙuri'a ke fitowa a jaridu ba. Sai dai sakamakonta kan iso hannun jama'a bayan shekara biyar ko shida, a cikin wayar salula da kwamfutar makaranta da na'urar rarraba intanet, har a garuruwa irin su Kumbashi da ke Ƙaramar Hukumar Mariga, a masarautar Kontagora ta Jihar Neja.

Mece ce ƙa'idar sadarwa?

Duk wanda ya taɓa auna hatsi ya san rigimar da kan tashi idan mudun mai saye ya bambanta da na mai sayarwa. Ciniki ba ya tafiya sai an yarda da ma'auni ɗaya. Haka abin yake ga na'urori. Wayar da aka ƙera a Sin za ta iya magana da na'urar rarraba intanet da aka ƙera a Amurka ne kawai saboda kamfanonin biyu sun bi rubutacciyar ƙa'ida guda, wadda ta fayyace zangon iskar da za a yi amfani da shi, da yadda za a tsara saƙo, da abin da za a yi idan na'urori biyu suka yi magana a lokaci ɗaya.

Cibiyar Injiniyoyin Lantarki da Na'urori, wato IEEE, mai babban ofishi a birnin New York na Amurka, ita ce ta kafa kwamitin 802 a watan Fabrairun 1980. Daga cikin rukunan aikinsa, biyu ne suka fi shahara. Rukunin 802.3 shi ke kula da Ethernet, wato sadarwa ta waya, ko ta tagulla ko ta zaren gilashi da ake kira fayiba. Rukunin 802.11 kuwa shi ke kula da sadarwa marar waya da duniya ta sani da Wi-Fi.

Ethernet ta samo asali ne daga aikin Robert Metcalfe da abokansa a kamfanin Xerox a 1973, kuma IEEE ta amince da ƙa'idarta ta farko a 1983, da saurin megabit 10 a daƙiƙa. A 2024 an amince da wadda ke kai gigabit 800 a daƙiƙa. Wi-Fi ta fara a 1997 da megabit 2 kacal.

Ya kamata a lura cewa sabis ɗin 4G da 5G da ke zuwa daga turakun kamfanonin waya ba aikin wannan kwamiti ba ne. Wata haɗaka ce mai suna 3GPP ke tsara su. Amma saƙon da turken ya karɓa, galibi ta hanyar Ethernet yake bi kafin ya kai cibiyar kamfanin.

Matakan da shawara ke bi

Komai na farawa ne da wani ya kawo ra'ayi a gaban rukunin aiki. Idan ra'ayin ya samu masu goyon baya, sai a kafa ƙaramin kwamitin nazari, wanda aikinsa shi ne rubuta takardu biyu.

Ta farko ita ce takardar neman izinin fara aiki, wadda ake taƙaitawa da PAR. A cikinta ake bayyana sunan aikin, da iyakarsa, da dalilin buƙatarsa, da waɗanda zai shafa, da lokacin da ake sa ran kammalawa.

Ta biyu kuwa amsa ce ga tambayoyi biyar da kwamitin ya gindaya. Shin akwai kasuwa mai faɗi, da masu saye da yawa da kamfanoni da yawa da za su ƙera kayan? Shin sabuwar ƙa'idar za ta jitu da waɗanda suka gabace ta? Shin tana da abin da ya bambanta ta, ko maimaita wata ce kawai? Shin fasahar za ta yiwu a aikace? Shin farashin ƙerawa da girkawa da gudanarwa zai zama wanda za a iya ɗauka? Idan aikin na marar waya ne a zangon da kowa ke shiga ba tare da lasisi ba, akan kuma duba yadda zai zauna da sauran na'urori ba tare da ya dame su ba.

Dole a rarraba waɗannan takardu kwana 30 kafin babban taro. A cikin makon taron, sauran rukunan aiki kan rubuto gyare-gyare da ƙorafe-ƙorafensu, masu shawarar su mayar da amsa, sannan shugabanni su yi ƙuri'a ranar Juma'a. Takardar da ta tsallake sai a miƙa ta ga kwamitin sabbin ƙa'idoji, NesCom, wanda ke ba Hukumar Ƙa'idoji ta IEEE shawarar amincewa ko akasin haka.

Izinin da aka bayar na shekara huɗu ne, ko da yake ana iya neman ƙari. A wannan lokaci ake rubuta daftari, a yi ta ƙuri'a a kansa. Ba ya wucewa sai kashi 75 cikin 100 na masu ƙuri'a sun amince, kuma wajibi ne a duba kowane ƙorafi a ba shi amsa. Shi ya sa aikin ke cin lokaci. Ƙa'idar 802.11be, wadda ake sayarwa da sunan Wi-Fi 7, ta samu izinin fara aiki a Maris na 2019, ba a kammala amincewa da ita ba sai Satumban 2024. Magajiyarta, 802.11bn, ta samu nata izinin a 2023, kuma ana hasashen kammala ta a 2028.

A wannan kwamiti mutum ne ke da ƙuri'a a karan kansa, ba kamfani ko ƙasa ba, kuma yana samun ta ne ta hanyar halartar taruka a kai a kai. Duk da haka, manyan kamfanoni ne ke da ƙarfin tura ma'aikata da yawa. A 2006 sai da IEEE ta dakatar da rukunin 802.20 na ɗan lokaci, bayan ƙorafin cewa wani ɓangare ya mamaye shi.

Daga zauren taro zuwa kasuwar Najeriya

Amincewar IEEE ba ta ba na'ura damar shiga kowace ƙasa kai tsaye. Zangon iska dukiyar ƙasa ce. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai mazauni a Geneva, ita ke shirya taron da ƙasashe ke raba zangunan a tsakanin ayyuka daban-daban. A cikin gida kuwa, Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, alhakin tantance samfurin kowace na'urar sadarwa kafin a sayar da ita ko a haɗa ta da layukan ƙasar.

Zangon gigahaz 6 ya nuna yadda matakan ke haɗuwa. Sabbin nau'o'in Wi-Fi na buƙatarsa domin su yi cikakken gudu, kamfanonin waya su ma suna son sa domin 5G. Amurka ta buɗe shi gaba ɗaya ga Wi-Fi a 2020. A taron ITU na Dubai a ƙarshen 2023, an ware ɓangaren sama na zangon, daga megahaz 6425 zuwa 7125, domin sadarwar wayar salula a yankin da ya haɗa da Afirka da Turai. A 2024 NCC ta bayyana shirinta na buɗe ɓangaren ƙasa, daga 5925 zuwa 6425, ga Wi-Fi. Ke nan na'ura iri ɗaya na iya yin aiki da sauri daban a Abuja da Washington, gwargwadon abin da hukumar kowace ƙasa ta yarda.

Me ya shafi Kumbashi?

Jihar Neja ce mafi faɗin ƙasa a Najeriya, da kimanin murabba'in kilomita 76,000, kuma garuruwan Mariga irin su Bangi da Kumbashi da Kotonkoro na warwatse ne a tsakanin gonaki da dazuzzuka. Buƙatun irin wannan yanki uku ne: nisa, wutar lantarki, da farashi.

Ta fuskar nisa, wayar Ethernet ta tagulla ba ta wuce mita 100, Wi-Fi ta gida kuwa da ƙyar take ƙetare 'yan katangu. An taɓa tsara ƙa'ida musamman domin karkara. Rukunin 802.22, wanda aka kafa a 2004, ya fitar da ƙa'idarsa a 2011, domin amfani da tashoshin talabijin da babu kowa a kansu wajen kai intanet zuwa nisan gomman kilomita daga turke ɗaya. A takarda, wannan ita ce amsar matsalar garuruwa irin su Kumbashi. Amma kamfanoni kaɗan ne suka ƙera kayanta, don haka ba ta yi arha ba, ba ta kuma yaɗu ba. A Najeriya ma, sauya watsa talabijin zuwa tsarin dijital, wanda zai ƙara sakin irin waɗannan tashoshi, ya wuce wa'adin ITU na Yunin 2015, kuma sai a 2016 aka fara shi a Jos.

Haka ya faru da WiMAX, wato 802.16, wadda wasu kamfanonin intanet na Legas suka fara da ita kafin su koma 4G. Darasin shi ne, amincewa da shawara ba ta tabbatar da nasara a kasuwa. Tambayar farko ta cikin biyar ɗin nan, wato faɗin kasuwa, ita ce ke yanke hukunci a ƙarshe, kuma galibi ana auna kasuwar ne da aljihun mazauna manyan biranen duniya.

Ta fuskar wuta, Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ƙauyukanta da dama da hasken rana ko janareta suke caza waya. A nan wasu ƙa'idojin sun yi rana. Tun 2003 ƙa'idar 802.3af ta ba da damar waya ɗaya ta ɗauki saƙo da wuta tare, yadda za a iya ɗora na'urar Wi-Fi a kan dogon ƙarfe, a ba ta wuta daga batirin sola da ke ƙasa. Wi-Fi 6, da aka amince da ita a 2021, tana barin na'ura ta yi barci har sai lokacin da aka tsara mata ta farka, abin da ke rage cin batir. Ƙa'idar 802.11ah ta 2016 kuwa tana kai kimanin kilomita ɗaya da 'yar wuta kaɗan, kuma ta dace da na'urorin lura da gona ko rijiyar burtsatse.

Ta fuskar farashi, amfanin ƙa'ida ɗaya shi ne gasa. Da yake kamfanoni da yawa ke ƙera kaya iri ɗaya, mai shago a Kontagora na iya sayen na'ura daga kowannensu ta yi aiki da wayoyin abokan cinikinsa. Cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da Ethernet suke haɗa kwamfutocinsu. Ko intanet ɗin Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana saukowa ne daga tauraron ɗan'adam, amma ta Wi-Fi yake shiga wayar mai amfani.

Giɓin da ƙa'ida ba ta cikewa

Komai kyawun ƙa'ida, sai an shimfiɗa layi. Shirin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin saurin megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. Alƙaluman NCC sun nuna cewa yankunan da sabis bai isa ba sun ragu daga 207 a 2013 zuwa 97 a 2022, inda kimanin mutum miliyan 27 ke zaune. A 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba.

Akwai kuma kuɗin izinin haƙa hanya da jihohi ke karɓa, wanda aka yi yarjejeniyar kada ya wuce naira 145 a kowace mita, Jihar Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. A yankuna irin su Mariga, matsalar tsaro na ƙara wahalar kai man dizal ga turaku da tura masu gyara. Waɗannan duka hurumin gwamnatoci da kamfanonin cikin gida ne, kwamitin 802 ba shi da ta cewa a kansu.

Inda Najeriya ke iya sa baki shi ne tun a matakin takardar PAR, lokacin da ake rubuta iyakar aiki da manufarsa, domin abin da bai shiga nan ba da wuya ya shiga daga baya. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙofar tarukan a buɗe take ga duk wanda ya yi rajista, kuma tun bayan annobar korona ana iya halarta ta intanet. IEEE na kuma ba da ƙa'idojin 802 kyauta ga mai son karantawa, wata shida bayan wallafa su.

Cibiyar tana da reshe a Najeriya, kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna na yaye injiniyoyin sadarwa a kowace shekara. Idan NCC da jami'o'i da kamfanonin waya suka ɗauki nauyin wasu daga cikinsu su riƙa halarta har su samu ƙuri'a, za a samu masu tambaya a zauren taron: na'urar nan za ta jure zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu? Za ta yi aiki da sola? Nawa za ta kai a kasuwar Kontagora?

Amsoshin da aka rubuta wa irin waɗannan tambayoyi a takardun da ake dubawa yanzu, su ne za su kasance a cikin na'urorin da za a sayar wa mutanen Kumbashi nan da shekara biyar ko shida.