Aksum, Ƙasar Najashi

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji sirar Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya san Najashi, sarkin Habasha. To amma wace irin daula ce ya mulka? Sunanta Aksum, yau kuma can muka nufa.

Babban birninta, shi ma Aksum, yana can bisa tuddan Tigray, a arewacin Habasha ta yau, inda ake da sanyi da ruwan sama da ƙasar noma. Sai dai arzikinsa daga gaɓar Bahar Maliya yake hawowa, daga tashar jiragen ruwa ta Adulis, cikin Eritiriya ta yanzu. Tafiyar kwana 8 ce tsakaninsu. Fatake su gangara da hauren giwa da ƙahon karkanda da zinariya, jiragen da ke kai da kawo tsakanin Masar da Indiya kuma su sauke musu tufafi da kayan gilashi da na ƙarfe. Wajen shekarar 270, sarakunan Aksum suka fara buga kuɗin zinariya na kansu, da rubutun Girkanci, don baƙin 'yan kasuwa su iya karantawa.

Ku ƙaddara a ranku kuna riƙe da ɗaya daga cikin sulallan Sarki Ezana. A na farkon mulkinsa, bisa kan hoton sarki, akwai jinjirin wata da faifai, alamar addinin kakanninsa. A na baya kuwa, gicciye ne a wurin. Me ya faru a tsakani? Wani yaro ɗan birnin Taya, Furumentiyus, aka kama daga jirgin ruwa aka kai shi fada. Ya girma a nan, ya koyar da Ezana, kuma a cikin ƙarni na 4 sarki ya karɓi Kiristanci. Tekun da ya kawo haja, shi ya kawo addini.

Wannan addinin ne ya sa Sarki Kaleb ya ƙetare zuwa Yaman wajen 525, bayan kisan Kiristocin Najran. Abrahata mai giwa ma daga cikin rundunonin Habasha na can ya fito.

A shekarar 615 Musulmin Makka suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Habasha suna gudun azabar Ƙuraishawa. Manzannin Ƙuraishu suka biyo su da kyautar jemammun fatu. Najashi ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya ƙi miƙa baƙinsa. A ganina babu wata zinariyar Aksum da ta kai wannan hukunci daraja.

Da cinikin Bahar Maliya ya koma hannun Larabawa, Adulis ta mutu, sarakuna suka ja kudu. Amma wasu daga cikin dogayen duwatsun da aka sassaƙa a Aksum suna nan tsaye. Ɗayansu, mai tsawon mita 24, Italiya ta ɗauke shi a 1937, ba ta mayar da shi ba sai 2005.