Sunan Magani da Abin da Ya ke Ɓoyewa: Misalai daga Ƙasar Gwandu

Malisa gari ne na karkara a ƙasar Gwandu, cikin Jihar Kebbi. A can, kamar sauran ƙauyuka tun daga Gwandu har Kalgo, idan ciwo ya sami mutum, na kusa da shi su ne ungozoma da wanzami da mai kemis. Manyan asibitocin Birnin Kebbi da na Sakkwato sai abu ya faskara a kan tuna da su. Duk abin da waɗannan mutane uku su ke bayarwa kuwa yana da suna na Hausa, kuma da sunan nan a ke neman sa, da shi a ke auna amfaninsa. Likitoci sun yi rubutu mai yawa a kan haɗarin magunguna, amma ba safai a kan lura da cewa wani sashi na haɗarin a cikin sunan ya ke kwance ba. Wannan kuwa aikin masu nazarin harshe ne.

A dubi yadda kalmar magani ta ke haɗuwa da wata. Maganin tari shi ne mai kore tari, maganin barci mai kawo barci, maganin ɓera kuwa mai kashe ɓera. Harafin nan na mallaka bai bambanta ukun ba, balle ya faɗi abin da a ka haɗa maganin da shi. A zamanin da, wannan bai zama damuwa ba, gama saiwa da sassaƙe suna da sunayensu na kansu. Wanda ya jiƙa sabara ya san sabara ya sha, ba zai ƙara ta a kan kanta da sunan wani abu dabam ba. Ƙwayoyin Turawa su ne su ka zo ba su da suna sai na ciwon da a ke sha domin sa, ko na launinsu.

Farasitamol ya isa misali. Ƙa'idarsa ga babba lafiyayye ita ce kada ya wuce giram 4 a kwana guda, watau ƙwaya 8 masu nauyin miligiram 500. To, manomi ya dawo gona ya sayi maganin ciwon kai, da maganin mura, da maganin gajiya. A bakinsa magani uku ne, alhali kuwa mai yiwuwa ne farasitamol na cikin dukansu. Idan ya yi yawa hanta ya ke ci, kuma ba ya nuna kansa a ranar, sai bayan kwana biyu ko uku. Haka diclofenac da ibuprofen, waɗanda a kan zuba cikin haɗin maganin ciwon jiki: yawan shan su na kawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Maganin haƙori ma haka. Sabo da an ɗora wa fitar haƙori zazzaɓi da zawon jarirai, sai a ka sami kasuwar maganinsa. A ƙarshen 2008 wani irinsa mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikin haɗinsa, ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan da Zariya. Yara 84 a ka lissafta sun mutu.

Allura ta fi ƙwaya daraja a idon jama'a, har wani ya kan ga ba a yi masa magani ba in ba a soke shi ba. Amma idan wanda bai ƙware ba ya yi ta a ɗuwawun yaro, ta kan sami babbar jijiyar da ta sauka ƙafa, sai ƙafar ta saki. Sunan da ke jiran wannan yaro shi ne shan inna, sunan da ya mai da laifin kan iska, ko kan wata cuta dabam, ya wanke hannun mai allura sarai.

Na wanzami ya fi wannan tsufa. Ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganɗa, a Kano belu ko beli a ke ce masa. A yammacin ƙasar Hausa an fi jin hakin wuya. Haki kuwa a Hausar Sakkwato da Kabi shi ne ciyawa, ciyawa kuma ba a san ta da komai a gona ba sai a cire ta. Sunan da kansa ya riga ya yanke hukunci tun wanzami bai buɗe zabira ba. A kan cire shi cikin kwanakin farko na haihuwa, daidai lokacin da jinin jariri bai iya daskarewa sosai ba, sabo da ƙarancin bitamin K a jikinsa. Zubar jini dai a kan gan ta nan take. Abin da ba a gani shi ne tetanos, wanda ya kan ɗauki kamar mako guda kafin jariri ya ƙi nono, muƙamuƙinsa ya sarƙe, jikinsa ya sandare. Kafin nan an sha suna, an watse, ba mai tuna aska. Ciwon hanta da askar da ba a dafa ba ta ke ɗaukowa daga wani zuwa wani kuwa, shekaru ya ke yi a ɓoye.

Inda al'amarin ya fi zurfi shi ne jego, ko biƙi. Asalin al'adar duka kalma guda ce, watau sanyi. An ɗauka cewa mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, sanyi na iya shiga ya zauna. Domin haka ta kan yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana fyaɗa shi da ganye, har kwana arba'in ko fiye. A wasu gidaje ta kan kwanta bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, ta kuma sha kunun kanwa iyakar cikinta, don ya gasa ta ta ciki, ya kawo ruwan nono. Ba mugunta cikin wannan ko kaɗan. Iyaye mata ne su ke yi wa 'ya'yansu gata da iyakar saninsu.

Likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun buga bincike cikin 1978 a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya. Sun kimanta cewa abin na samun kamar mace guda cikin ɗari, yawan da ba a saba gani a sauran ƙasashe ba, kuma ya fi tsanani wajen watan Yuli. Sun danganta shi da al'adun jego. Bayaninsu shi ne kanwa cike ta ke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, shi kuwa ya kan riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zafin wanka da na gado kuma su tilasta wa zuciya ƙarin aiki. A nan ma suna ya yi ɓarna, amma ta wajen Turanci. A Turancin Nijeriya fotash a ke ce wa kanwa, sai ɗalibin kiwon lafiya ya zaci fotasiyam ce, alhali sodiyam ne mafi yawanta. Ya kamata masu shirya ƙamus da malaman kwalejojin horon malamai su daina gadon wannan fassara.

Ilmi bai tsaya inda su Davidson su ka bar shi ba. Cikin 2007 Isezuo da Abubakar sun sami kusan wannan adadi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ya nuna ciwon ba na Zazzau kaɗai ba ne. Sa'an nan cikin 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa su ka buga sakamakon wani bincike na asibitoci da yawa a Nijeriya. Su ba su sami wanka da kunun kanwa a matsayin tushen ciwon ba. Abin da su ka fi gani tare da shi shi ne talauci, da rama, da hawan jini na masu ciki. Wasu binciken nasa kuma sun nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan. Sabo da haka wanda ya ce kanwa ce ke haddasa ciwon ya faɗi abin da ya wuce hujja.

Amma fa wannan bai wanke kanwa ga matar da zuciyarta ta riga ta raunana ba, gama duk likita zai hana irin wannan mace gishiri, balle kanwa. Alamun gazawar zuciya su ne kumburin ƙafa da fuska, da haki, da tari in an kwanta, har mace ta kasa barci sai a zaune. Waɗannan kuwa su ne ainihin alamun da tsofaffi su ka sani da sunan sanyi. Da zarar mai jego ta kumbura sai a ce wanka bai karɓe ta ba, ko ta yi wasa da shi, a ƙara wuta, a ƙara kanwa cikin kunu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ta haka a kan ci mako biyu ko uku ana yaƙi da sanyi, kafin wani ya ce a nemi mota zuwa Birnin Kebbi.