DUNGU: KUƊIN KAKA DA YUNWAR DAMANA

Dungu gari ne na manoma da makiyaya a yankin Matamai, cikin jahar Damagaram. Allah ya hore wa ƙasar albarka iri biyu. A tudu ana noma gero, dawa, wake da gujiya. A fadamun Korama ruwa yana kusa, ana noma rake, rogo da kayan lambu. Itatuwan gawo sun cika gonaki. Bisashe kuma suna nan a kusan kowane gida.

Duk da wannan albarka, gidaje da yawa suna shan wahala tsakanin shuka da fitowar sabon hatsi. Mutanen ba raggaye ba ne. Suna aiki tun asuba har rana ta faɗi. Abin da yake cin su sau da yawa shi ne rashin lissafi. Hatsin da aka sayar da araha da kaka, shi ake komawa a saya da tsada da damana.

CIWON DA KE DAWOWA KOWACE SHEKARA

Da kaka kowa yana bukatar kuɗi. Ga lanho, ga biki, ga tufafin iyali, ga bashin bara. Sai kowa ya kai hatsi kasuwa rana ɗaya. Kaya ya yi yawa, masu saye kaɗan, farashi ya faɗi. Ƴan kasuwa su saye su cika mangaza.

Bayan wata bakwai ko takwas rumbu ya yi ƙasa. Lokacin ne aikin noma ya fi tsanani. Mai gida ya koma kasuwa, ya tarar tiya ta yi tsada. In ba shi da kuɗi sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani. Ko kuma ya ci bashin da ake kira a-ci-ba-daɗi: ya karɓi ɗan kuɗi yau, ya biya da buhu in kaka ta yi. Gonarsa ta sha ciyawa, amfani ya ragu, abin da ya samu kuma na mai bashi ne. Haka shekara take bin shekara.

DARASIN ZAMANIN GUJIYA

Dattawan Dungu sun ga zamanin da gujiya take sarauta. A shekarar 1962 gwamnati ta kafa SONARA mai sayen gujiya, ta kafa UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. A 1967 aka buɗe CNCA, asusun ba manoma bashi. A wancan zamani har masana'antar matsar man gujiya akwai a Matamai.

A zamanin ne aka soma danƙa wa manoma kasuwar gujiya a hannunsu. Ƙauye ya zaɓi mai awo da mai rubutu daga cikin ƴaƴansa. Waɗanda suka shiga makarantar yaƙi da jahilci su ne suka riƙe sikeli da littafi. In an gama kasuwa, rarar kuɗi ta dawo wa ƙauye. Cikin shekarun 1970 kuma aka yi babban aikin raya karkara mai suna 3M, wato Magariya, Matamai da Mirya. An kawo garmar shanu, amalanke da takin zamani a kan bashi.

Sai fari ya zo a 1973. A 1975 kuturtar gujiya ta cinye gonaki. A 1984 wani farin ya sake bugawa. Wanda ya dogara ga gujiya kaɗai ya rasa abin biya. Basussuka suka taru ba a biya ba, har CNCA ta durƙushe cikin shekarun 1980. Manoma suka daɗe ba su da ƙofar neman bashi.

Darasi biyu ke nan. Wanda ya dogara ga amfani iri ɗaya, shekara ɗaya tana iya kayar da shi. Bashin da ba a biya ba kuma yana rufe ƙofa ga kowa, har ga ƴaƴan da ba su ci ba.

LISSAFIN FARKO: CIMAKAR GIDA

Kafin a kai tiya ɗaya kasuwa, sai mai gida ya zauna ya ƙidaya. Da farko ya san yawan dammunan da ya ɗaure. Ya sussuke dami biyu ko uku, ya ga tiya nawa ke fita daga kowane. Da haka zai san abin da ke cikin rumbu.

Daga nan ya fitar da zakka: ɗaya cikin goma ga noman ruwan sama. Sai ya ware iri na baɗi, ya ajiye shi dabam. Sannan ya ware cimaka.

An daɗe ana lissafa wa mutumin karkara kilo 250 na hatsi a shekara. Tiyar gero tana kai kilo 2 da rabi. Wato mutum ɗaya tiya 100 ke nan, ko buhu 2 da rabi, tunda buhu tiya 40 ne. Gida mai mutum 8 yana bukatar tiya 800, wato buhu 20. In rumbu ya ba da buhu 14, akwai giɓin buhu 6. Wannan gida ba shi da geron sayarwa. Sai ya nemi kuɗin kaka daga wake, gujiya, harawa ko akuya. Giɓin kuma ya cike shi tun hatsi yana araha.

LISSAFI NA BIYU: KOWACE GONA DA SHAFINTA

Littafin rubutu irin na ƴan lakwal ya isa. A ja layi a tsakiyar shafi. Hannun hagu abin da ya fita, hannun dama abin da ya shigo. Kowace gona da shafinta. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa.

Ga misali, kuma misali ne kawai, don farashi yana sauyawa. Manomi ya yi gonar wake. Iri jika 10, taki jika 15, ƴan ƙwadago jika 20, maganin ƙwari jika 5, buhuna da amalanke jika 5. Abin da ya fita jika 55. Ya samu buhu 4, kowane jika 20, wato jika 80. Harawa ta ba shi jika 15. Abin da ya shigo jika 95. Riba jika 40.

Amma da sauran lissafi. Shi da iyalinsa sun yi kwana 50 suna aiki a gonar. In aka raba jika 40 gida 50, kowace rana ta tashi dala 160. Sai ya gwada da abin da ake biyan ɗan ƙwadago a rana. Nan zai san ko gonar ta biya guminsa.

Mai rake ya fi kowa bukatar wannan littafi. Rake yana daɗewa a gona watanni masu yawa, kuma in an sare shi ba ya ajiyuwa kamar gero. Mai injin ban ruwa ya rubuta kuɗin mai da na gyara. Ya tuna inji yana tsufa. In inji na jika 120 zai yi shekara 4, to kowace shekara jika 30 ce take tafiya. Sai a ware ta, don ranar da inji ya mutu a sayi wani ba tare da an sayar da sa ba. In ɗan kasuwa ya zo sayen gonar rake a tsaye, mai littafi ya san inda zai tsaya. Marar littafi kuwa abin da aka faɗa masa yake karɓa.

A lura kuma, takin da ba a saya ba riba ne. Gawo yana zubar da ganyensa da damana, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau, ƴaƴansa abincin bisashe ne. Manoman yankin Matamai da Magariya sun yi suna wajen sassaben zamani, wato barin ƙananan itatuwa su girma cikin gona. Takin turke da yarjejeniya da makiyaya su zauna a gona da rani suna rage kuɗin takin zamani.

JINGINAR HATSI: KWAƊO BIYU, MAKULLI BIYU

Akwai dabarar da ke hana sayarwa da araha. Ana ce mata warantaji, wato jinginar hatsi. Ta soma yaɗuwa a Nijar daga 1999, ta hanyar wani aikin hukumar FAO tare da ma'aikatar gona.

Ga yadda take. Ƴan ƙungiya su tara buhunansu da kaka a mangaza mai kyau. A auna, a rubuta sunan kowa a buhunsa da cikin littafi. A rufe ƙofa da kwaɗo biyu. Makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun bashi. Babu mai buɗewa shi kaɗai. Asusu ya ba da bashi, amma bai kai cikakken kuɗin kayan ba. Manomi ya juya kuɗin da rani: turkar rago, lambu, ƙaramin fatauci, ko matsar man gujiya. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe mangaza, ya ɗauki kayansa. In ya so ya ci, in ya so ya sayar.

Misali: buhu 5, kowane jika 20 da kaka, jika 100 ke nan. An ba shi bashin jika 80. Kuɗin ruwa da na ajiya suka tashi jika 15. In buhu ya kai jika 28, kayansa sun zama jika 140. A cire jika 15, saura jika 125. Ya fi wanda ya sayar da kaka da jika 25.

Amma a yi hattara. In buhu ya tsaya a jika 23, ba ci ba asara. In ya tsaya a jika 20, ya yi asarar jika 15. Akwai shekarun da farashi ba ya tashi. Wanda kuma ya kashe bashin a biki, ranar biya buhunansa za a sayar. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin dubawa shi ne inda aka sa shi. Kafin a sa hannu a takarda, a tambayi abu uku: nawa za a karɓa, nawa za a mayar, kuma wace rana.

Wake yana da nasa maƙiyi, wato ƙwaro. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS ya shigo daga 2007, kuma masu binciken INRAN na Maraɗi sun yi aiki a kansa. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure leda biyun ciki da kyau, ƙwaro yana mutuwa don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

BISASHE ASUSU NE MAI ƘAFA HUƊU

Makiyayi ma yana da nasa lissafi. Bayan damana bisashe suna da ƙiba, hatsi yana araha. A lokacin ne akuya ko rago ke sayen tiya mafi yawa. Da bazara kuwa bisa ta rame, hatsi ya yi tsada. Wanda ya jira har lokacin zai ba da biyu a kan abin da ɗaya za ta saya masa.

Saboda haka a duba garke tun kaka. Tsofaffi, da marasa haihuwa, da mazan da suka yi yawa, su za a fara fitarwa. Kuɗinsu ya sayi hatsi, dusa da harawa. Garke kaɗan mai ƙoshi ya fi babban garke mai yunwa. Kuɗin allurar rigakafi kaɗan ne a kan asarar saniya.

Mai turka ya rubuta kuɗin sayen rago, da dusa, da harawa, da magani. Ya ƙidaya watanni zuwa babbar salla kafin ya saya. Turkar da ta wuce lokacinta tana cinye ribarta.

KASUWA, NAIRA DA SEFA

Iyaka tana kusa da Dungu. Ta Ɗan Barto ake bi zuwa Mai'aduwa, Daura da Kano. Wake da bisashe da yawa can suke zuwa. Amma naira tana hawa tana sauka. Kafin a yarda da ciniki a naira, a tambayi canjin ranar, a mayar da kuɗin sefa, a cire kuɗin mota. Hanya ma tana rufewa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa a 2023, aka buɗe a Maris 2024. A Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Wanda ya dogara ga mai saye ɗaya ko hanya ɗaya yana cikin haɗari. Sauraren farashin kasuwanni a rediyo, ko tambaya ta waya kafin a ɗora kaya, ba ya cin komai.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Mata sun riga maza gane wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun soma a jahar Maraɗi a 1991. Kowane mako mata su zuba ɗan abin da suka samu cikin akwati, su ranta wa junansu, su raba in shekara ta zagayo. Dabarar ta bazu har ƙasashe da yawa na Afirka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: ƙungiyar da ta tara nata, ta riƙe littafi mai tsabta, ita asusu ke amince wa. Bankin manoma BAGRI, wanda ya soma aiki a 2011, shi ma takarda yake dubawa.

Ƙungiya ta zaɓi ma'aji mai amana da magatakarda mai karatu. A karanta lissafi a gaban kowa, da babbar murya, bayan kowace kasuwa. Bankin cimaka na gari ya sayi hatsi da kaka, ya sayar wa ƴan gari da damana da ɗan ƙari kaɗan, don jari kada ya narke.

Ruwan sama na Allah ne, manomi ba shi da iko da shi. Amma ƙidayar dami, ware cimaka, rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo, da zaɓen ranar sayarwa, duk suna hannunsa. Kakar bana ce lokacin farawa. Malamin gona da malamin yaƙi da jahilci suna nan don taimako. Allah ya ba da damana mai albarka, ya cika rumbunan Dungu da na ƙasa baki ɗaya.