Tuffa a Zafin Gombe: Saye, Ajiya da Dafawa

Tuffa ɗan itacen ƙasashen sanyi ne. Yawancin wanda ake gani a tiren masu talla a unguwar Arawa da Babbar Kasuwar Gombe daga Afirka ta Kudu yake fitowa, inda ake tsinkar sa tsakanin Janairu da Mayu a adana a ɗakunan sanyi. Da ya baro sanyin nan ya shigo zafin Gombe, wanda kan kai digiri 40 a Maris da Afrilu, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Saboda haka a sayi daidai abin da iyali za su cinye cikin kwana uku ko huɗu.

Wajen saye, a zaɓi mai tauri, mai nauyi a hannu, wanda fatarsa ba ta yamutse ba. A guji mai tabon buguwa, domin daga nan ruɓa take farawa. Kore mai tsami, wato Granny Smith, ya fi jure ajiya da wuta. Royal Gala mai ja-ja ya fi zaƙi, amma yana saurin yin gari a baki.

Sanyin digiri 0 zuwa 4 ne ya fi dacewa da tuffa. Inda babu firji, ko wutar lantarki ba ta tsayawa, a yi amfani da dabarar tukunya cikin tukunya wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa, har ta kai shi ga samun kyautar Rolex a shekarar 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa mai iska. A riƙa zuba wa yashin ruwa safe da yamma. Dabarar ta fi aiki da rani, domin da damina danshin iska yana rage ƙarfinta.

Abin da ya kamata malaman gona su jaddada wa manoman lambu shi ne kada a haɗa tuffa da tumatir, ayaba ko ganyen miya wuri ɗaya. Tuffa yana fitar da iskar etilin mai hanzarta nuna, tana kuma sa ganye ya yi ruwan ɗorawa. Wanda ya fara ruɓewa a zubar da shi gaba ɗaya, kada a yanke gefen a miƙa wa yaro sauran.

A wanke tuffa da ruwa mai tsabta a ci da ɓawonsa, domin kaso mai yawa na harzar da ke taimaka wa hanji a nan yake. Idan an yanka, ɗigon lemun tsami yana hana shi baƙi. Wanda ya yi laushi a cire ƙwayoyinsa, a yayyanka, a dafa da ɗan ruwa da kirfa na minti 10, a murƙushe a zuba cikin kunu maimakon sukari. Jariri da ya wuce wata shida zai iya sha.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye kullum, ba ta kuwa ce sai tuffa ba. Giram 100 na tuffa yana da kimanin miligiram 5 na bitamin C, alhali gwaibar da ke bakin lambu tana da sama da 200.