Hukuncin Auren 'Yar Katolika da Sharuɗɗan da Cocinsu Ke Gindayawa

Tambaya: Ni Musulmi ne a ƙasar Yauri, ina neman auren wata Kirista 'yar ɗarikar Katolika. Iyayenta sun ce sai mun je wurin Fada. Mene ne Fadan zai nema, kuma mene ne hukuncin auren?

Amsa: Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, wannan tambaya tana yawan zuwa daga Yauri da Ngaski da Shanga, inda ake samun Musulmi da Kirista a dangi ɗaya, musamman a garuruwan Kambari na bakin tafkin Kainji.

Ka sani Allah Ya halatta wa Musulmi auren mace kamammiya daga Ma'abota Littafi a aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, 'yar Katolika kuma tana cikinsu. Waliyyinta na addininta shi zai aurar da ita, da sadaki, da shaidu biyu Musulmi. Amma Musulma ba ta halatta ga wanda ba Musulmi ba, bisa ijma'in malamai. Duk da halaccin, Imamu Malik ya karhanta wannan aure saboda tsoron abin da zai sami 'ya'ya.

A wurin Katolika kuwa, dokar cocinsu da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1983 ta ce auren ɗan Katolika da wanda ba a yi wa baftisma ba ɓatacce ne, sai da izinin bishop. Cocinan Katolika na ƙasar Yauri suna ƙarƙashin bishop na Kontagora, don haka can Fadan zai nemi izini. Ba a bayarwa sai da sharuɗɗa uku:

Na ɗaya, matar za ta yi alkawarin tsare addininta, da yin iya ƙoƙarinta a yi wa duk 'ya'yan da za ku haifa baftisma, a rene su a kan Katolika.

Na biyu, za a sanar da kai wannan alkawari. Kai ba a neman ka ɗauke shi, amma za ka shiga auren kana sane da shi.

Na uku, za a karantar da ku biyu cewa aure a wurinsu na mace ɗaya ne, kuma na har mutuwa, ba a yarda ɗayanku ya shiga da niyyar saɓa wa haka ba. Saboda haka idan kana da mata, ba za su ba da izini ba. Sakin da miji ke furtawa ma ba sa ɗaukarsa a bakin komai.

To, ga inda matsalar take. A Shari'a ɗan Musulmi Musulmi ne, kuma Allah Ya umarce ka da kare kanka da iyalinka daga wuta a aya ta 6 ta Suratut Tahrim. Bai halatta ka yarda a yi wa ɗanka baftisma ba. Bai kuma halatta ka amsa wa Fada da baki alhali zuciyarka na kan wani abu dabam ba, domin yaudara haramun ce ko ga wanda ba Musulmi ba.

Idan kuma kuka ɗaura a masallaci kawai ba da izinin bishop ba, auren ya inganta a wurinmu. Amma ita cocinta zai ɗauke ta ba ta da aure, a hana ta karɓar jibin da suke ci a ibadarsu. Wannan nauyi ne da ya kamata ta sani tun kafin a kai kayan lefe. Haka kuma babu gado tsakaninku, sai dai wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Shawarata, ku zauna da ita da waliyyanku, ku faɗi gaskiya a kan addinin 'ya'ya da ƙarin aure da saki. Idan ta yarda 'ya'ya su tashi Musulmi, ka aure ta, ka kyautata mata, kada ka tilasta mata barin addininta. Idan ta tsaya a kan alkawarin cocinta, ku rabu da mutunci, zumuncin gidajenku ya ɗore. Wanda ya bar wani abu domin Allah, Allah zai musanya masa da mafi alheri.

Allah ne Mafi sani.